Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu manyan kulob da makarantun ƙwallon yara na birnin Kano

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da ɗawainiya. Ni tela ne a Ɗorayi, ɗinkin maza nake yi, kuma shekara 14 ke nan ina riƙe da wata 'yar ƙungiyar ƙwallon yara a unguwarmu. Ko na faɗi sunanta ba za ku gane ta ba. Ba mu da mota, ba mu da ofis, ƙwallayenmu huɗu ne, biyu a ciki sun sha faci. Filin wata firamare muke shiga bayan la'asar, mu tashi kafin kiran magariba. Irinmu ne kuke kira "ƙananan tim" ko "'yan unguwa" idan kuna hira a tsakaninku. Sunan bai taɓa damuna ba, don gaskiya ne. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro daban ne.

Asabar uku da suka wuce na raka yarana shida gwaji a ɗaya daga cikin makarantunku. Ba zan faɗi wacce ba, domin ba ita kaɗai ke yin abin da na gani ba. Sanarwar ta ce 'yan ƙasa da shekara 15 ake nema. Muka yi sammako a adaidaita sahu biyu. Kafin ƙarfe bakwai fili ya cika maƙil, a ƙiyasina yara sun haura ɗari uku, kuma kowa da fom ɗin da ya saya a hannu. A cikin nawa akwai wanda uwarsa ta ciri kuɗin fom daga zubin adashinta, akwai wanda ya aro takalmin yayansa ya cusa tsumma a gaba don kada ya fice.

Aka raba su goma sha ɗaya, goma sha ɗaya, kowane rukuni minti ashirin. Yaro bai taɓa ganin na kusa da shi ba, bai san sunansa ba balle ya kira shi. Duk wanda ƙwallo ta faɗo wa sai ya rungume ta, yanka kawai yake yi, don ya san in ya bayar ba za ta dawo ba har a busa tashi. Masu zaɓe uku suna zaune a inuwa, ɗayansu rabin lokacin yana amsa waya.

Akwai wani yarona da ke buga lamba takwas. Shekararsa 13 da wata bakwai, kuma wannan ba ji na yi ba, ni na ɗinka wa mahaifinsa babbar rigar da ya sa ranar sunansa. A minti ashirin ɗin nan sau huɗu ya taɓa ƙwallo, ina ƙirgawa. Uku ya ajiye wa 'yan gaba a ƙafa tun kafin su ankara, suka ɓarar. Ta huɗun wani ƙato mai tabon aski a haɓa ya sa masa kafaɗa, ya tafi ya bar shi yana kakkaɓe ƙura. Da azahar aka karanta sunaye ashirin da biyar. Babu nasa, akwai na ƙaton.

Har nan ban ga abin rubuta wasiƙa ba. Gwaji ne, dole wani ya ci wani ya faɗi, kuma na san ba ku da wurin zuba yara ɗari uku. Amma da za a sallami sauran sai wani daga cikin ma'aikatan ya ɗaga murya ya ce, "To, ku kuma ku koma tim ɗinku na unguwa ku ci gaba da wasan ƙasa." Waɗanda aka ɗauka suka kwashe da dariya. A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana sai da muka wuce Ƙofar Famfo, sannan yaron nan ya juyo ya ce da ni, "Koci, ashe mu wasan ƙasa muke yi?" Kwana tara bai zo atisaye ba. Sai da na je har zaurensu.

Ranku ya daɗe, bari in ba ku abin da sana'ata ta koya mini, don a nan ne na fi ku gani. Ina da littafin awo. Duk azumi iyaye suna turo mini yaransu ɗinkin sallah, in sa tef in rubuta tsawon riga, tsawon wando, kafaɗa, hannu, wuya. Yaro ɗaya sai ka tarar da awonsa na shekara bakwai ko takwas a jere. Abin da littafin ya nuna mini shi ne, tsakanin shekara 12 da 16 ba a yi wa yaro hukunci da jikinsa. Na ga sa'o'i biyu da aka raɗa wa suna a mako ɗaya, a shekara 13 ɗaya ya fi ɗaya da inci biyar a tsawon wando, a shekara 17 ƙaramin ya kere shi. Na ga wanda na yi wa wando da ƙaramar sallah, kafin babbar sallar baɗi ya koma masa kamar na masu ɗage wando. Wani da wuri yake miƙewa ya tsaya, wani sai an fid da rai sannan ya zabura. Tela mai hankali yakan bar rara a kalmasa saboda haka. Gwajin minti ashirin ba ya barin rara. Wanda jikinsa ya riga ya buɗe shi ido ke fara gani, shi ke cin tsere, shi ke ture na kusa da shi, sai a rubuta cewa ya fi iyawa, alhali girma kawai ya riga su yi.

Wannan ma idan shekarun gaskiya ne ke nan. Mu daina ɓoye wa juna, kowa ya san yadda ake yanke shekaru a harkar nan. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai mu. Amma tun gasar 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a nan filin Sani Abacha, FIFA ta fara sa a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu don a gano wanda ƙashinsa ya gama haɗewa, kuma ba don an yarda da takardun haihuwa aka kawo wannan ba. In babba ya rage shekara huɗu ya shiga cikin yara, ba kujerar yaro ɗaya kawai ya ƙwace ba. Ya koya wa duk yaran da ke filin cewa mai faɗin gaskiya shi ke komawa gida da fom a aljihu.

To ina yaron da kuka sallama zai je? Wurinmu zai dawo. Kuma ina so ku san abin da yake samu a wurinmu, wanda da kun ɗauke shi ma ba lalle ya samu ba. Yana samun wasa. Duk mako yana buga cikakken wasa, ya yi kuskure a minti na goma ba a cire shi ba, ya gyara a minti na hamsin. Ya ɓarar da fenariti yau, mako mai zuwa a sake miƙa masa. A babban kulob, cikin yara talatin, na ashirin da biyu yana iya shafe wata uku yana ɗumama benci da ɗauko ruwan leda, ga jesi mai kyau, ga hoto a Facebook, amma ƙafarsa ba ta san filin gasa ba. Iyaye suna alfahari, yaro yana tsatsa. Ni da idona na ga yaran da suka bar mu suna ci, suka dawo bayan shekara guda suna tsoron karɓar ƙwallo.

Duk wanda ya je kallon Pillars a Ƙofar Mata ya wuce ta bakin karofi. Ku tsaya wata rana ku kalli marina. Ba sau ɗaya ake tsoma zane a baba a ce ya rinu ba. A tsoma, a ɗago ya sha iska, a mayar, a sake ɗagowa, haka za a yi ta yi sa'o'i kafin shuɗin ya kama. Wanda ya kalli zanen a tsomi na biyu cewa zai yi an ɓata shi. Ƙaramar ƙungiya ita ce ramin da ake ta tsoma yaro ana ɗagowa. Ku a ƙarshe kuke zuwa, lokacin da aka shanya, ku zaɓi wanda ya fi sheƙi.

Yaranku duka suna cika gidajen kallo ranar Asabar, don haka ga misalin da suka sani. Lokacin da Ahmed Musa ya je Leicester a 2016, ya tarar da Jamie Vardy, wanda bai daɗe da ɗaga kofin Firimiyar Ingila ba. Vardy yana ɗan shekara 16 Sheffield Wednesday ta sallame shi. Ya koma wata 'yar ƙungiya mai suna Stocksbridge, can ƙasan matakan gasar Ingila, yana aiki a masana'anta da rana yana atisaye da yamma. Sai da ya kai shekara 25 sannan Leicester ta saye shi daga Fleetwood a 2012. N'Golo Kante, wanda suka ci kofin tare da Vardy, har ya kai shekara 19 yana buga wa ƙungiyar unguwarsu a Suresnes, gefen birnin Faris, manyan makarantun ƙwallon Faransa sun gwada shi sun bar shi, ga shi ɗan firit. A 2018 ya ɗaga kofin duniya. Da ranar da aka sallami waɗannan biyun babu wata ƙaramar ƙungiya da za ta karɓe su, ko kuma an kunyata su har sun ji ƙyamar komawa, da ba mu san sunansu ba. Shi kansa Ahmed Musa ba daga sama ya faɗo Pillars ba. Daga makarantar GBS ta Jos ya taso, ya bi ta ƙungiyar JUTH, sannan ya zo Kano ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan.

Kai, Pillars ɗin ma da muke yi wa kirarin "Sai Masu Gida", ai ƙungiyoyi uku aka haɗa a 1990 aka tayar da ita, WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kafin ita akwai Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978. Pillars ta ci lig a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Duk da haka a 2022 ta faɗa rukuni na biyu. A can ta yi jinya ta dawo a 2023. Ta wannan rukunin ne kuma Barau FC ta hauro a 2025. Idan matakin ƙasa bai zama kabari ga Masu Gida ba, don me za a nuna wa ɗan shekara 13 cewa shi nasa kabari ne?

Kada ku ce ina yaudarar kaina. Na san a cikin yaran da suka bi ta hannuna shekara 14, waɗanda za su ci abinci da ƙwallo ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran yanzu wani yana Kantin Kwari, wani yana gyaran waya a Farm Centre, wani yana jan adaidaita, biyu suna jami'a. Amma ku da ni mun san abin da ke jiran yaro a bakin layi tsakanin la'asar da magariba in ba shi da wurin zuwa. Mun san ƙwaya, mun san daba, mun san ƙwacen waya. A ƙungiyarmu wanda bai je makaranta ba ba ya sa jesi, wanda aka ji warin wani abu a bakinsa sai ya zo da mahaifinsa ko kawunsa. In an yi wa ɗayanmu rasuwa tare muke zuwa gaisuwa, da jesinmu. Yaron da ya daina zuwa fili don an ce masa wasan ƙasa yake yi, ba ɗaki zai shiga ya ɗauki littafi ba. Kwana taran nan da na ce muku, na san majalisar da yarona ya fara zama, shi ya sa na bi shi.

Mu ma ƙananan kociyoyi ba tsarkaka ba ne, kuma ba zan rufe wannan ba don ina neman alfarma. A cikinmu akwai mai yanke wa yaro shekara da hannunsa don ya ci kofin unguwa. Akwai mai riƙe yaro kamar akuyarsa, ya hana shi gaba ko da ya fi ƙarfin wurin, sai an ba shi wani abu. Akwai mai zagin uwar yaro don ya ɓarar da ƙwallo. Akwai kuma wanda ke haɗa baki da ejan na bogi a karɓi kuɗin iyaye da sunan za a kai yaro Turai, alhali dokar FIFA ta hana a sauya wa ɗan ƙasa da shekara 18 kulob zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. In kun ce wannan ne ya sa ba ku ɗauke mu da daraja ba, ba ku yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sai dai ba a gyara mutum ta hanyar yi wa 'ya'yansa dariya.

Yanzu ga maganar da aka fi gudu, maganar kuɗi. A bayan littafin awon nan nawa nake rubuta 'yan wasana, ranar da yaro ya fara zuwa, lambar da yake bugawa, ranar da ya tafi da inda ya tafi. Ban san cewa wannan rubutun yana da farashi ba sai 'yan shekarun nan. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, kowace shekara rubu'in kashi ɗaya ce, sauran takwas ɗin kowace rabin kashi ɗaya. Ku yi lissafi da ni. Ƙungiyar da ta riƙe yaro daga 12 zuwa 15 tana da kashi ɗaya cif. In wata rana aka sayar da shi Yuro miliyan 10, rabonta Yuro dubu 100 ne. Ban da wannan akwai wani kuɗin horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a waje. A 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris don kuɗin nan su riƙa isa ga masu su. Amma ofishin ba ya duba littafin tela. Rajistar ɗan wasa yake dubawa, wadda ke nuna kowace ƙungiya da ya zauna tun yana shekara 12. In yaro ya yi shekara huɗu a wurina ba rajista, ya zo wurinku kuka rubuta shi kamar yau aka haife shi, to an koma gidan jiya, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ina cewa ku kuka hana mu rajista ba. Da yawanmu jahilcin abin ne, wasu kuma kuɗin ne babu. Amma ku kun san hanya, kuna shiga ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha kuna fita, ana jin maganarku. Me zai hana duk yaron da kuka ɗauka ku tambaye shi wa ya koya masa, ku rubuta sunan ƙungiyar a takardarsa, ku kira kocin ku yi 'yar yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce a gaban shaidu? Me zai hana kowane babban kulob ya ɗauki ƙananan ƙungiyoyi biyar ko shida na yankinsa, ya taimaka musu su yi rajista, ya ba su tsofaffin ƙwallaye da jesin da ya daina sawa? Mai Kurna da Rijiyar Lemo ya ɗauki nasa, mai Sheka da Gyaɗi-Gyaɗi ya ɗauki nasa, mai Dakata da Birget haka. Ba sadaka ba ce, gonarku ce kuke zuba wa taki.

Shi kuma gwajin, ban ce a daina ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kun karɓi kuɗin fom, yaro yana bin ku kallo na gaskiya, ba minti ashirin a cikin baƙi ba. Ku rage yawan da kuke kira a rana ɗaya, ku maimaita sau uku ko huɗu, ku sa su a ƙaramin fili biyar da biyar inda dole kowa ya taɓa ƙwallo. Ku raba su da girman jiki wani lokaci, ku ga abin da ƙaramin zai yi in ba a ture shi. Wanda bai ci ba a faɗa masa abu ɗaya da zai je ya gyara, ko ƙafar hagu ce, ko ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, a kuma ce masa ya dawo bayan wata shida. Kuma in kuna da tim ta biyu, ku bar mayar da ita wurin tara kuɗin wata. Ku ba ta koci na gaske da wasanni na gaske, a riƙa hawa ana sauka tsakaninta da ta farko, don yaro ya san ƙofar ba a kulle take ba.

Mafi sauƙi a cikin duka, wanda ko sisi ba zai ci muku ba sai man mashin, shi ne ku riƙa zuwa kallonmu. Ɗan wasa a cikin abokan da ya saba da su ake gane shi, ranar da aka ci su biyu ana saura minti goma, a ga wa zai sunkuyar da kai, wa zai ɗauko ƙwallo daga raga da gudu. Wannan ba ya fitowa a ranar gwaji ko da kun kawo masu zaɓe goma.

Yaron nan mai lamba takwas ya dawo atisaye. Jiya ya zo shago na auna shi, tun ƙaramar sallah ya ƙara inci ɗaya da rabi a tsawon wando, kafaɗar ce dai har yanzu ba ta motsa ba. Ranar Asabar mai zuwa muna da wasan sada zumunta da wata ƙungiya daga Ja'en, ƙarfe huɗu da rabi. Duk wanda ya shigo Ɗorayi ya tambayi filin da telan nan ke koyar da yara, za a nuna masa. Babu rumfa, amma zan sa a ɗauko benci daga shago.

Wassalam.

Naku,
Wani tela, kocin 'yan unguwa,
Ɗorayi, Kano.